Kwalba ta Bakwai

Yayana bai taɓa zama mutum mai daɗin sha'ani ba, kuma ba zan yi masa kwalliya don abin da ya same shi ba. Idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, ba zai ce maka wajen biyu ba, sai ya ce biyu saura minti huɗu, ya kuma tsaya ya ga ko ka ji. Shekara tara ya ba ni. Mama tana ce masa Babba, ni kuma Auta, ko da yake ni ma furfura ta fara leƙo min a gemu. A wurin aiki Birki suke kiransa, da farko a bayan idonsa, daga baya har a gabansa.

Babanmu kafinta ne, kuma a shagonsa wannan hali ya kama Yaya. Yana da shekara goma sha uku Baba ya miƙa masa katako mai inci talatin da biyar, ya ce ya raba shi biyu daidai, ƙafafun wata 'yar kujera za a yi. Yaya ya lissafa ya ga sha bakwai da rabi, ya ga rabin nan ɓata lokaci ne, ya sa zarto a kan sha bakwai. Ƙafa ɗaya ta fito sha bakwai, ɗaya sha takwas. Baba bai dake shi ba, bai ma ɗaga murya ba. Haɗa kujerar ya yi a haka, ya goge ta, ya shafa mata fenti, ya ce daga yau a kanta Babba zai riƙa cin abinci. Shekara biyu Yaya ya yi yana cin abinci a karkace, yana tare kwano da gwiwa.

Lissafi ya karanta. Ya koyar a makarantar sakandare shekara shida, kuma a ofishin makarantar ya koya wa kansa kwamfuta, a kan wata tsohuwa da sai an buga mata gefe take tashi. Daga nan ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke saman shagon tayoyi, ɗaki huɗu da fanka uku, inda warin roba ke biyo matakala ya same ka har kan tebur. Kamfanin yana rubuta manhaja ga ɗakunan gwajin jini. Matsalar ita ce kowane ɗakin gwaji da yadda yake jera kwalabensa da sunayen marasa lafiyarsa, kullum sai an kira waya a ce a zo a gyara wannan, a sauya wancan. Sai Yaya ya ce bari ya yi musu ɗan ƙaramin yare na kwamfuta, kalmomi arba'in da 'yan kai, yadda ma'aikacin ɗakin gwaji zai zauna da kansa ya rubuta wa na'ura abin da yake so. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana renon wannan yare. Matarsa takan ce 'ya'yansu huɗu ne, amma babban yana zaune a ofis.

Akwai dokoki biyu a cikin yaren da Yaya ba ya yarda a taɓa. Ta farko, idan ka raba bakwai gida biyu, amsar uku da rabi ce. Wasu yarukan kwamfuta, in ji shi, sai su ba ka uku su jefar da rabin ba tare da sun ce maka uffan ba, shi kuma ya ce wannan sata ce. Idan cikakkiyar lamba kake so, sai ka rubuta da hannunka ko a ɗaga ta sama ko a sauke ta ƙasa. Ta biyu kuma game da jeri ce. A jerin sunaye akwai na ɗaya, akwai na biyu, akwai na uku. Idan lissafinka ya ce a ɗauko na uku da rabi, na'ura za ta tsaya cik, ta fito maka da jan rubutu a allo: “Babu na uku da rabi. Na uku kake nufi ko na huɗu?” Ba za ta motsa ba sai ka koma ka gyara abin da ka rubuta. Idan kuwa takwas ka raba biyu ya ba da huɗu cif, sai ta wuce ba gardama, tunda babu abin da ya zube.

Hujjarsa gajera ce. Na'ura ba ta san ko wanene na uku ba, ba ta san na huɗu ba, wanda ke zaune a gabanta ne ya sani. Saboda haka ba aikinta ba ne ta yi masa zaɓe a ɓoye. Daga nan sunan Birki ya samo asali.

Shi ya kawo ni kamfanin. Na gama karatu na yi shekara uku ina yawo da takardu a leda, ya je ya roƙi mai kamfanin, abin da bai taɓa yi wa kansa ba. Ya ajiye ni a gefen teburinsa ya koya min aikin layi bayan layi. Ba malami ne mai sauƙi ba. Ina da wata ɗabi'a ta barin fili biyu bayan waƙafi idan ina rubutu, sai da ya yi wata shida yana ƙwanƙwasa min biro a kan allo saboda ita, ban kuma daina ba.

Dole in faɗi yadda ake aiki a ofishin nan, don a kansa komai ya rataya. Mai kamfanin dattijo ne da ya fara harkar shi kaɗai, kuma bai taɓa yarda da wai a ba kowa makullinsa na shiga kwamfuta ba. Kalmar sirri ɗaya ce ga kowa, an rubuta ta a takarda an manna a jikin kabad. Ba a ajiye tarihin wa ya sauya me. Abin da ake da shi kawai, duk wanda ya fara rubuta fayil sai ya sa sunansa a layin farko, kuma shi ne mai fayil har abada. In wani zai taɓa, ya gaya masa da baki. Dattijon yana alfahari da wannan tsari, yana cewa mu nan 'yan gida ɗaya ne, amana ce ke riƙe da mu.

Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya kawo mijin 'yarsa ya naɗa shi manaja. Manajan ba jahili ba ne, kada in zalunce shi. Mutum ne mai turare da lallausan harshe, wanda ya tsani ƙarar waya. Ya sa yarinyar da ke amsa kira ta riƙa rubuta dalilin kowane kira, ya gano cewa da yawa daga cikinsu kan jan rubutun Yaya ne. Ya kira taro. Ya ce ma'aikatan ɗakin gwaji ba malaman lissafi ba ne, jan rubutu yana tsorata su, suna ɗauka manhajarmu ce ta lalace. Ya ce ya bincika, akwai manyan yaruka da ke jefar da rabin nan su wuce, duniya kuma ba ta tashi ba. Yaya ya ce tsayawar nan ranar da mutum ke rubuta umarninsa take faruwa, tun babu jinin kowa a kan tebur, kuma gara mutum ya yi fushi da safe ɗaya da ya yi wata yana ba da amsar ƙarya cikin kwanciyar hankali. Manaja ya yi murmushi ya ce a cire.

“Ba zan cire ba,” in ji Yaya. “In an cire, ba da hannuna ba.”

Bayan mako uku aka tura shi wani gari mai nisa ya kafa wa wani asibiti manhaja, aikin mako biyu. Kwana biyu da tafiyarsa manaja ya kira ni ofishinsa, ɗaki ɗaya tilo mai na'urar sanyi. Ya tambayi lafiyar matata, wadda cikinta ya kai wata takwas. Ya ce ya lura har yanzu a matsayin ɗan wucin gadi nake, abin kuma bai yi masa daɗi ba, mutum mai iyali. Sannan ya ce akwai wani ɗan gyara da yake so, kuma ba sai an tayar wa Birki da hankali ba.

Na san abin da nake yi. Ba zan ce an yaudare ni ba, tunda a teburin Yaya na koyi dalilin dokar. Layi uku na sauya. Na ce wa na'ura in ta ga rabi ta jefar, in kuma lamba ta faɗi ƙasa da ɗaya ta mai da ita ɗaya, kada ta tsaya. Shayin da na zuba kafin in fara bai ko huce ba na gama. Sunan Yaya yana nan a layin farko, ban taɓa shi ba, haka al'adar take.

Ya dawo, ban gaya masa ba. Na ce sai gobe, gobe ta yi na ce sai an yi haihuwa, aka haihu na ce sai hankali ya kwanta. Fayil ɗin kuwa kafin ni ya yi shekara takwas ba wanda ya buɗe shi, tunda babu abin gyara a ciki, don haka Yaya bai da dalilin leƙawa. Tsofaffin abokan cinikinmu ba abin da ya same su, domin jan rubutun ya riga ya tilasta musu rubuta komai dalla-dalla tun da daɗewa. Kira ya ragu. An tabbatar da ni a aiki. Wata biyar muna shan shayi a tebur ɗaya, yana tambayata ko jaririya tana barci.

Sai wani sabon ɗakin gwaji ya sayi manhajar. A can kowane marar lafiya kwalba biyu ake ɗibar masa, ta farko ta gwajin suga, ta biyu ta gwajin ƙoda, a jera su bi da bi. Kwalba ta ɗaya da ta biyu na mutum na farko ne, ta uku da ta huɗu na mutum na biyu, haka har ƙarshe. Ma'aikaciyar da ta zauna rubuta umarni ta yi tunanin da kowa zai yi, ta ce a raba lambar kwalba gida biyu, a samu lambar mutum. Kwalba ta takwas ta ba da huɗu, daidai. Kwalba ta bakwai kuwa, wadda ita ma ta mutum na huɗu ce, ta ba da uku da rabi. Da a da ne, nan take na'ura za ta tsaya ta tambaye ta, ita kuma ta dafa goshi ta ce a ɗaga sama. Yanzu sai na'ura ta jefar da rabin ta kai sakamakon sugan mutum na huɗu gaban sunan mutum na uku. Baiwar Allah ta gwada kafin ta fara aiki da shi, amma da mutum ɗaya ta gwada, kwalba biyu, komai ya fito daidai.

Kwana tara kowa yana karɓar sakamakon sugan wanda ke bayansa a layi. Na ƙarshe a jeri kullum gurbinsa babu komai, sai su ce halin na'ura ne, su sake masa gwajin shi kaɗai, ya fito lafiya lau. Wata malamar makaranta da ba ta da ciwon komai aka ɗora ta a kan maganin suga, ta yanke jiki ta faɗi a gaban aji. Wani dattijo direba da sugansa ya hau sosai aka ce masa ya tafi gida lafiyarsa ƙalau, bayan mako aka kawo shi a sume. Duka biyun sun rayu. Direban dai bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Taron da aka yi a kan maganar a babban ɗaki aka yi shi, aka ɗauko kujeru daga ko'ina. Ga mai kamfani da sandarsa, ga manaja, ga likitan ɗakin gwajin da lauyansu, ga mu ma'aikata tara. Aka haska fayil ɗin a jikin bango. Sunan Yaya ne abu na farko da kowa ya karanta. Ya tashi ya matsa kusa da bangon, ya gyara tabarau, ya bi layukan da yatsa har ya iso kan ukun nan. Daga inda nake zaune ina ganin fili biyun nan nawa bayan kowane waƙafi. Bai juyo ya dube ni ba, da ya juyo ma da ya fi min sauƙi.

Lauyan ya tambaye shi ko shi ya rubuta wannan.

“Sunana ne a sama,” in ji Yaya.

Lauyan ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Yaya ya maimaita masa amsar kalma da kalma. Matar da ke gwada manhaja kafin a fitar da ita ta buɗe baki ta ce ai kowa ya san Birki ne ma ya ƙi, sai manaja ya katse ta da cewa ba a zo nan don a tono tsofaffin gardama ba, mutane sun kusa mutuwa, kuma tsarin gidan nan a bayyane yake, mai fayil shi ke amsawa. Mai kamfani ya gyaɗa kai yana kallon sandarsa. Sauran suka sunkuyar da kai, kowa ya ga abin sha'awa a jikin tebur. Ni kuwa ina zaune da harshena a bakina, lafiyayye. Na ce a raina in lauya ya sake tambaya zan tashi. Bai sake ba, na kuma ji daɗin da bai sake ba, wannan ne abin da har yau ba na iya haɗiyewa.

Ranar aka sallame shi. Na bi shi matakala yana rungume da kwali, kofin shayinsa da littattafai uku a ciki. Na ce Yaya bari in koma in faɗa musu. Ya tsaya a kan mataki, ya dube ni karon farko tun safe.

“Ka koma ka faɗa, su kore mu mu biyu, manaja ya zauna,” ya ce. “Wa zai mayar da tsayawar? Koma ka mayar da ita yau, kafin a ɗebi jinin wani. Kada kuma ka ɗauka don kai na yi shiru.”

Na ce ya yafe min. Ya gyara riƙon kwalin.

“Wata biyar, Auta. Kalma ɗaya za ka faɗa min da na dawo. Da na zage ka, na gyara, shi ke nan.”

Ya sauka mataki biyu, ya ƙara da cewa kada Mama ta ji, hawan jininta ba zai ɗauki a ce 'ya'yanta biyu ne a cikin maganar ba. Ya fita ta gaban shagon tayoyi ya tsaya jiran mota kamar kowa.

Kafin a tashi aiki na mayar da dokarsa yadda take, har jan rubutun da alamar tambayarsa. Manaja da kansa ya ba da umarnin. Bayan mako ya aika wa duk abokan ciniki takarda cewa kamfani ya ƙirƙiro sabon tsarin kariya da ke tsayar da na'ura idan lamba ba ta cika ba. Wasu har suka kira suna yabawa. Aka goge sunan Yaya daga layin farko aka sa nawa, aka ba ni teburinsa na kusa da taga. An kuma cire takardar nan daga jikin kabad, yanzu kowa da makullinsa.

Harkar manhajar asibiti ƙaramar duniya ce, labari ya riga shi isa ko'ina. Wurare bakwai ya nema, babu wanda ya kira shi. Ya koma koyar da lissafi a wani ajin share fagen jarrabawa, ɗaki ɗaya a bayan shagon ɗinki, da allo mai tsagewa a tsakiya. Sun bar gidan da suke suka koma ɗakuna biyu. Matarsa ta san gaskiya, ban san ko shi ya faɗa mata ko ita ta gano ba. Tana gaishe ni, tana kawo min ruwa in na je, amma rabon da ta kira ni da sunan wasan da ta saba tun ranar. Bai sake taɓa yaren ba. Sau ɗaya na kawo masa wata matsala a takarda, ya duba, ya ce in tambayi mai fayil.

Mama kuwa abin da ya iso kunnenta shi ne Babba ya yi sakaci a wurin aiki har mutane sun kusa mutuwa. Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi dama tana gudun ranar, mutum kullum yana gyara wa wasu magana, ga shi nasa kuskuren ya fi na kowa. Ta riƙa yi masa addu'a da irin muryar da ake yi wa marar lafiya. Sau uku na shirya zan faɗa mata. Sau biyu Yaya ya hana ni da ido, na ukun babu wanda ya hana ni sai ni kaina.

Shekara huɗu ke nan. Tsufa ya kama ta, duk wata sai an ɗebi jininta, kuma Yaya ne ke kai ta tunda shi ke da lokaci da safe. Shi ke jera mata magunguna a ɗan akwati mai gida bakwai, shi ke riƙe da katinta. Watan jiya na samu hutu na ce zan kai su a mota. Muna zaune a benci a ɗakin gwaji, ita a tsakiya, aka kira ta. Muka raka ta ciki. Ma'aikaciyar tana manna takarda a jikin kwalabe biyu, sai idon Mama ya kai kan allon kwamfutar, ta gane tambarin kamfaninmu, irin wanda ke jikin kalandar da na kai mata. Ta janye hannunta ta ɓoye cikin mayafi.

“Auta, wannan ba aikin ofishinku ba ne?”

Na ce namu ne.

Ta rage murya, wai don kada Yaya ya ji, shi kuwa yana tsaye a kanta riƙe da jakarta da takalmanta.

“Ka tabbata babu hannun yayanka a ciki?”

Na buɗe baki. Ma'aikaciyar tana jira da allura a hannu, tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya sunkuya ya naɗe wa Mama hannun riga a hankali har sama da gwiwar hannu.

“Babu hannuna, Mama,” ya ce. “Na Auta ne.”

“To, alhamdu lillahi,” in ji ta. “Yanzu hankalina ya kwanta.”

Ta miƙa hannu aka ɗebi jinin.